Shekarar da Tumaki Suka Yi Girbi

Ran Litinin, sha tara ga Janairu, ƙarfe tara saura kwata na safe, Dudley Hocking ya jingina fartanya da shinge, ya dubi bororo biyu da suka tashi a tafin hannunsa, ya yanke shawarar kawo ƙarshen noman hannu a kwarin Barossa baki ɗaya. Mintinsa ashirin ke nan da fara aiki.

Dudley ba ɗan kwarin ba ne. Shekara talatin ya yi yana sayar da firji a Adelaide, kuma a faɗarsa babu gidan kirki a birnin da bai sanyaya wa ruwa ba. Da ya yi ritaya sai ya biyo matarsa Marlene zuwa gonar inabin iyayenta, gidan Noack, wadda take riƙe da ita tare da wanta Elmore. Shekara talatin da huɗu da ɗaurin auren, amma Elmore bai taɓa kiransa da wani suna ba sai Ango, kamar mutumin da ya zo biki ya manta hanyar gida.

A gonar Noack ba a zuba takin zamani, ba a feshin magani. Tun asali rowar kakansu ce ta jawo haka, sai daga baya mutanen birni suka ga abin ya yi kyau, suka raɗa masa suna, har aka kawo takardar shaida aka rataya a bango. To inda babu magani, ciyawa sai fartanya. Inda fartanya ta fi wuya kuwa shi ne bayan tudu, wajen layuka huɗun da ake kira Tsofaffi: kuringar inabi casa'in da shida da kakan kakan Marlene ya dasa da hannunsa, gajejjeru, ba waya ba sanda, kowace a durƙushe ita kaɗai ta lulluɓe 'ya'yanta da ganye. Ganga ɗaya tak suke bayarwa a shekara, jan ruwan inabi mai duhu. Kwalbar farko ba a sayarwa, ba a sha. Rubuta mata shekara ake yi, a jera ta a kan kantar ɗakin ƙasa. Kwalba ɗari da bakwai ne a jere a lokacin, babu giɓi ko ɗaya. Yaƙi biyu sun wuce, fari ya zo ya koma, an binne mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya, amma kantar ba ta taɓa tsallake shekara ba.

A makon nan gida ya zama na Dudley shi kaɗai. 'Yarsu Renata ta haihu a Darwin, Marlene ta tafi ganin jika. Elmore kuma ya tafi kamun kifinsa na shekara-shekara a bakin teku, wurin da babu tarho. Kafin ta shiga mota, Marlene ta tsayar da mijinta a ƙofa.

"Abu uku, Baban Renata. Ka nome gindin Tsofaffi da fartanya, layi ɗaya a kwana biyu. Kada ka taɓa tarakta."

"Na ukun fa?"

"Kada ka yi dabara."

"Haba Marlene! Ni da na riƙe ma'aikata tara a ƙarƙashina?"

"Su ma na ji labarinsu. Kada ka yi dabara."

Dabarar kuwa ta riga ta iso. Shekara biyu da suka wuce sun je yawon buɗe ido New Zealand, ta tagar bas Dudley ya hango tumaki a cikin gonar inabi da tsakiyar rani. Direba ya ce musu tumakin ciyawa da ganye suke ci, su bar 'ya'yan. Ya so ya ƙara da cewa can ƙasar sanyi ce, ana neman rana ta taɓa inabin, kuma ana fitar da tumakin tun 'ya'yan suna kore shar da tsaminsu. Amma Dudley ya riga ya katse shi, yana gaya masa abin da ke damun firjin bas ɗin.

A kwarin ma ana sa tumaki a gona, sai dai da sanyi, lokacin da kuringa take tsirara. Kowa ya san ranar da toho ya fito, ranar tunkiya take fita. Dudley ya ɗauki wannan a matsayin tsoro irin na ƙauyawa.

Ya sa malfarsa ya tsallaka gidan maƙwabciyarsu Dulcie Grocke, wadda mijinta ya rasu ya bar mata tumaki ɗari uku da kare ɗaya, ita ce kuma mai kaɗa fiyano a coci. Ya same ta tana gyaran famfo.

"Sannu da aiki, Gwaggo Dulcie."

"Gwaggon wa? Wata huɗu na girme ka, Mai Firji. Me ka fasa?"

"Ban fasa komai ba. Aron tumaki na zo, guda arba'in."

"Me za su yi maka? Sauraron labarin Adelaide?"

"Ciyawar bakin rafinmu ce ta yi yawa, ga filinki ya bushe ƙurmus. In an duba, taimakonki na zo yi."

"Marlene ta sani?"

"Ai ita ta aiko ni."

Dulcie ta dube shi, ta dubi filinta, wanda gaskiya babu abin da ya rage a cikinsa sai ƙura da duwatsu.

"Bakin rafi kawai," ta ce. "In na ga kofato ɗaya kusa da kuringa, zan sa sunanka a jerin marasa lafiyar da ake yi wa addu'a, kuma zan tabbatar ka cancanta. Ka kula da Dikon."

Dikon shi ne ragon garken. An sa masa sunan ne, na muƙamin dattijon coci, saboda tafiyarsa ta natsuwa, da kuma yadda ba a taɓa riga shi zuwa wurin abinci ba.

Kafin azahar tumaki arba'in suna cikin shingen Tsofaffi, bayan tudu, inda ba a hangowa daga titi. Kafin yamma babu ciyawa ko ƙwaya ɗaya. Washegari suka koma kan ganye. Dudley ya kawo kujera ya zauna yana kallo. A gabansa wata tunkiya ta sunsuni nonon inabi, ta gutsura, ta girgiza kai, ta tofar. Dudley ya miƙe tsaye ya cire malfarsa. Bai san wa yake girmamawa ba, amma ya fi zaton kansa.

A ranar ya yanka tsohon kwalin firji gida uku, ya rubuta da manyan baƙaƙe: TSARIN HOCKING. NOMA BA FARTANYA. A ZO A GANI RAN LAHADI BAYAN SUJADA, GONAR NOACK. ZA A YI BADUJALA, AKWAI KEK. Ya manna ɗaya a gidan waya, ɗaya a gidan burodi, ɗaya a allon coci. Bai ambaci tumaki ba, saboda Dulcie ma ta iya karatu.

A gidan burodi manoma uku suna shan shayi.

"Wane irin tsari ne, Mai Firji?" in ji ɗaya. "Ciyawar za ka sa a firji ta daskare?"

"Ku yi dariyarku. Jikokinku a gidan tarihi za su ga fartanya."

"Kai ma can ka fara ganinta ai."

"Ran Lahadi," in ji Dudley, ya ɗaga yatsa. "Ku zo da littafin rubutu."

Daga nan ya wuce wurin Fasto Altmann ya roƙe shi ya zo ya sa albarka. Fasto Altmann mutumin kirki ne, aibinsa ɗaya: in ya rufe ido don addu'a, yakan manta ta ina ake fita. Ya taɓa yin minti sha tara a wani ɗaurin aure, har amarya ta nemi kujera. Ya amsa gayyatar da murna, domin shekara uku ke nan yana neman hanyar da zai kama ran Dudley.

Ran Laraba sarƙar ƙofar shinge ta ɓace, Dudley ya ɗaure ƙofar da igiyar takalminsa. Yana kicin yana yanka kek tarho ya yi ƙara.

"Yaya noman?" in ji Marlene.

"An gama."

"Layi huɗu a kwana uku? Kai?"

"Wasu mutanen, aiki yana gudu a hannunsu."

A daidai nan Dikon, wanda ya cinye igiyar takalmin ya biyo sawun Dudley har gida, ya leƙo ta ƙofar kicin ya yi kuka da babbar murya.

"Mene ne wannan?"

"Rediyo ne. Shirin manoma."

"Rage shi mana."

"Yanzu kuwa."

Ya ajiye kan tarhon ya ɗauki tsintsiya. Marlene, daga Darwin, ta ji ƙarar kujera, ta ji ta faranti, ta ji mijinta ya ambaci sunan Allah ta hanyar da ba a koya masa a makarantar Lahadi ba. Da ya dawo yana haki, kek ɗin yana cikin Dikon.

"Shirin ya yi zafi," ya ce. "Gardama suke yi kan farashin ulu."

Ran Alhamis iskar arewa ta taso, ma'aunin zafi ya kai arba'in da uku a inuwa. Tsofaffi kuwa ba su da sauran inuwa. Ganyen da suka yi shekara ɗari suna kāre 'ya'yansu da shi yana cikin tumaki arba'in. Kafin ƙarfe biyu gefen inabin da ke kallon rana ya fara yamushewa yana yin ƙasa-ƙasa, kamar fatar gwiwar hannu.

Dudley bai firgita ba, in ji shi daga baya. Gudun da ya yi zuwa gida, motsa jini ne. Ya kwaso zannuwan gado sha huɗu, na tebur shida, labulen falo da na ɗaki, da farin ƙyallen da kakar Marlene ta yi wa ɗinkin hannu da ayar Zabura cikin Jamusanci. Suka rufe kuringa saba'in da ɗaya. Sauran ashirin da biyar suka sami rigunansa na ofis, da laima huɗu, da rigunan barcin Marlene guda uku. Ya maƙale kowanne da abin maƙale shanya, ya ja da baya ya duba. Bayan tudun ya zama kamar asibitin da aka manta a yi masa rufi.

Bai fitar da tumakin ba, domin ana bukatarsu ran Lahadi. Su kuma da suka ga rumfa, sai suka cusa kawunansu ƙarƙashin zannuwan. Abin da Dudley bai durƙusa ya duba ba shi ne, zafin ya gaggauta nunar inabin. 'Ya'yan sun fara juyawa daga kore zuwa shunayya, tsami yana fita, zaƙi yana shiga. Shi dai abin da yake gani shi ne gindin tumaki arba'in a waje, wutsiyoyi suna kaɗawa.

"Dubi hankali," ya ce. "Inuwa suke sha. Da mutanen kwarin nan suna da rabin basirar nan, da an wuce wurin."

Ran Asabar da safe iska ta fizge rigar barci ɗaya, mai furanni, ta ɗaga ta sama, ta haye da ita tudu, ta ajiye ta a kan shingen Dulcie. Ƙarfe tara da minti goma sai ga Dulcie a bayan tudu, riga a hannu, kare a baya. Ta tsaya. Ta bi layukan da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Ni na saya wa Marlene rigar nan," ta ce a ƙarshe. "Ban san kuringa na saya wa ba."

"Gwaji ne na kimiyya, Gwaggo. Ba kowa zai gane ba."

"Wannan ne bakin rafin?"

"In kika tsaya a kan tudu ana jin ƙarar rafin."

Ta sa yatsu biyu a baki ta yi fito. Cikin minti huɗu karen ya tattara tumakin ya fitar. Suna wucewa ta gabanta tana duban bakinsu, kowanne jawur kamar ya sha jan baki.

"Me suka ci, Mai Firji?"

"'Ya'yan ƙayar bakin rafi ne. Tumaki ba sa cin inabi, da idona na gani, ta tofar."

"Yaushe?"

"Ran Talata."

"Ran Talata ko kai aka ba sai ka tofar! Wayyo Marlene, me kika aura?"

"Ki bar mini su zuwa gobe kawai. Na gayyaci mutane."

"Na gani a allon coci. Zan zo, a gaba zan zauna, in ga yadda ake Tsarin Hocking ba tumaki. Ko kai za ka durƙusa ka ci ciyawar? Yanzu kuma Darwin zan kira."

Da ta tafi, Dudley ya ɗaga zannuwan ya ƙirga. Kuringa talatin da biyar babu komai a jikinsu, ya ce tsuntsaye ne. Sittin da ɗaya suna da sauran 'ya'ya. Da a nan ya tsaya, da an sami rabin ganga, da kwalba ta ɗari da takwas ta hau kanta kamar 'yan'uwanta, da kuma babu wanda zai tuna da wannan mako yanzu. Amma kwali uku suna manne a gari da sunansa a jiki.

Ran Lahadi, ƙararrawar coci tana bugawa, Dudley yana cire zannuwa. Ya tsince nonnan da rana ta ƙona ya zuba a bokiti don kada baƙi su gani. Ya san Dulcie tana gaban fiyano, karenta yana cikin a-kori-kurarta a ƙofar coci kamar kullum. Sai ya sa kwat da lakataya, ya tsallaka filinta, bokitin yana hannunsa don ya manta bai ajiye ba. Niyyarsa ya ari arba'in ɗin nan na awa ɗaya, ya mayar kafin a lura.

Yana buɗe ƙofa Dikon ya ɗaga hanci. Ya taho. Arba'in ɗin da suka san ƙanshin suka biyo shi. Sauran ɗari biyu da sittin, da ba su san komai ba, suka biyo su, kamar yadda tumaki suka saba.

"Sun gane ni," in ji Dudley, yana tafe yana waiwaye, tafiyar tana komawa gudu. "Arba'in na ce! Ku koma! Kai Dikon, gaya musu!"

Da ƙyar ya tura su cikin ɗan filin bakin rafi, bayan bishiyoyin turare, wanda ƙofa ɗaya ce ta raba shi da Tsofaffi. Babu sarƙa, babu igiyar takalmi. Ya cire lakatayarsa ya ɗaure ƙofar.

Ƙarfe sha ɗaya da rabi jama'a suka iso, mutum tamanin da uku, cikin kayan Lahadi. Mata suka jera kek da tsiran alade da kokwamba mai tsami a kan tebur. 'Yan badujala bakwai suka kama busa tun daga titi, abin da ya rufe kukan tumakin. Da suka haye tudu suka ga Tsofaffi tsirara, busar ta mutu ɗaya bayan ɗaya, mai babban ƙaho ne na ƙarshe. Wani dattijo ya cire hularsa kamar a bakin kabari.

"Wa ya yi musu haka?" in ji shi.

"Ci gaba ne ya yi musu," in ji Dudley, ya hau kan akwati. "Jama'a, shekara ɗari kuna durƙuso. Kakanninku sun durƙusa, iyayenku sun durƙusa, kun gaji ciwon baya kuna kiransa al'ada. Yau wani bawan Allah daga birni, wanda kuke kira Mai Firji, zai nuna muku ma'aikacin da ba ya gajiya, ba ya neman hutu, yana cin ciyawa da ganye, ba ya taɓa inabi ko ƙwaya ɗaya!"

Dulcie, a gaba kamar yadda ta yi alkawari, ta karkata kunne.

"Tsaya. Muryar Dikon nake ji?"

"Fasto!" in ji Dudley da sauri. "Bisimilla."

"Bari mu yi addu'a," in ji Fasto Altmann.

Kawuna tamanin da uku suka sunkuya. Mutanen wannan coci an tarbiyyantar da su tun suna yara cewa mai buɗe ido a lokacin addu'a, abin da ya gani shi ya jawo wa kansa. Har Dulcie, da maganar tana bakinta, ta haɗiye ta rufe ido. Dudley kaɗai ya bar ɗaya a buɗe, da shi kuwa ya ga ƙarshen lakatayarsa yana shigewa bakin Dikon.

Ƙofar ta buɗe a hankali. Dikon ya shigo da natsuwarsa, kamar mai zagayawa da farantin baiko. Bai dubi ciyawa ba. Bai dubi ɗan ganyen da ya rage ba. Ya nufi kuringa ta farko ya kama nono guda ya zuge shi har gindi. Bayansa tumaki ɗari uku, sun cika layuka huɗun kamar ruwa ya ɓalle.

Fasto yana kan godiya saboda kuringar inabi ta gaskiya da rassanta. Dudley ya ga ba a yin ihu a tsakiyar addu'a, sai dai a taimaka mata ta ƙare. Da Fasto ya tsaya jan numfashi, ya ce da ƙarfi, "Amin!"

Fasto Altmann ya gane muryar Dudley nan take. Shekara uku yana jiran wannan murya. Ya gode wa Ubangiji saboda ɓataccen da aka samu, ya shiga batun makiyayi mai kyau.

"Amin, Fasto! Amin!"

Fasto ya ƙara murya. Ya bi makiyayin, ya bar tumaki casa'in da tara a jeji ya tafi neman ɗaya.

"Suna nan duka, Fasto! Amin!"

Ƙarar tauna ta cika wurin, shaa, kamar yayyafi a kan kwano. Wata tsohuwa, ido a rufe, ta raɗa, "Mun gode da ruwa, ya Uba."

A minti na sha ɗaya Dulcie ta ji ulu ya goga ƙafarta. Shekara hamsin da takwas ba ta taɓa buɗe ido a addu'a ba. Ta buɗe.

"Fasto, rufe ta! Rufe ta haka nan, Allah ya ji!"

Abin da ya biyo baya, kowa da yadda yake ba da shi. An dai yarda cewa dattawan coci sun bi tumaki da huluna, mata sun bi su da farantai, mai babban ƙaho ya busa a kunnen wata tunkiya don ya kore ta, ita kuma ta bi ta ƙarƙashin tebur da ƙawayenta talatin, teburin ya tafi tare da su har rafi. Karen yana can titi a kulle cikin mota yana haushi. Dudley ya tsaya a kan akwatinsa yana ihu, "Ku natsu! Ɗanɗanawa kawai suke yi, yanzu za su tofar!" Yana cikin faɗar haka Dikon, wanda ya ƙoshi kuma yake neman abin yi, ya ja da baya taku shida. Akwatin ya yi gabas, Dudley ya yi yamma, ya sauka a zaune cikin kwamin ruwan tumaki.

Daga cikin kwamin ya hango a-kori-kurar Elmore a kan tudu. Marlene ta kamo jirgin safe, ta biya bakin teku ta ɗauko wanta da sandar kamun kifinsa a hannu.

Aka saki karen, aka fitar da tumakin. Marlene ba ta dubi mijinta ba. Ta bi layi na ɗaya har ƙarshe, ta dawo ta na biyu, ta bi na uku, ta dawo ta na huɗu, tana ɗaga kowane reshe. Jama'a suna tsaye suna kallonta. Da ta gama ta buɗe tafin hannunta. Ƙwayar inabi tara ce a ciki.

Elmore ya tako har bakin kwamin, ya leƙa.

"Ango," ya ce, "an gama girbin ke nan?"

"Yaya Elmore, a ƙa'ida tsarin ya yi aiki. Dubi ƙasa, akwai ciyawa?"

"Babu."

"To ka gani."

Marlene ta ɗauko bokitin ta ajiye a gabansa.

"Fito, Baban Renata. Tsince."

"Me zan tsinta? Ai babu sauran..."

Ta nuna ƙasa. Kwana shida tumaki suna ci a wurin, kuma ba su tafi da komai ba, sun bar shi ƙwaya-ƙwaya a gindin kowace kuringa.

"Marlene, a gaban mutane?"

"Ni na gayyato su?"

Dudley Hocking, wanda ya riƙe ma'aikata tara, ya durƙusa cikin jiƙaƙƙen kwat ya tsinci kashin tumaki a gaban mutum tamanin da uku da Fasto. Elmore ya kawo baƙar kwalba daga ɗakin ƙasa. Marlene ta sa Dudley ya ɗura har wuya, ta jefa ƙwayoyin inabin tara a sama, ta toshe, ta rubuta shekarar a takarda da kyakkyawan rubutunta, ta ƙara da sunansa a ƙasa.

"Kantar gidanmu ba ta tsallake shekara," ta ce. "Ga girbin bana. A cikin tumaki aka matse shi, kamar yadda ka zaɓa."

"Amin," in ji Dulcie.

Tsofaffi ba su mutu ba. Shekarar da ta biyo sun ba da rabin ganga, ta bayanta suka cika ta, har Elmore ya ce bai taɓa ganin sun yi ƙarfi haka ba, maganar da ya yi nadamar faɗa a gaban Dudley, domin daga ranar takin ma ya shiga cikin Tsarin Hocking.

Elmore yana kwance a maƙabartar bayan coci yanzu, Dulcie tana layi biyu daga gare shi, Fasto Altmann kuma yana kusa da ƙofa, inda aka yi masa addu'ar minti uku. Kwalbar tana nan a wurinta, ta ɗari da takwas daga hagu. Ran Asabar, in baƙi sun zo ɗanɗana ruwan inabi, Dudley ne yake saukar da su ɗakin ƙasa, da sandarsa, a hankali. Yakan wuce shekarun yaƙi da na fari da sauri, ya tsaya a gabanta.

"Duk kantar nan," yakan ce, "wannan ce kaɗai take ɗauke da sunan mutum. Ni kaɗai na yi ta, daga farko har ƙarshe. Ba a taɓa yin irinta a kwarin nan ba."

Kwanan baya wani baƙo daga Sydney ya ɗaga ta ya girgiza, ya ji motsi, ya tambaya ko ana iya ɗanɗanawa.

"Ba a shan na kanta," in ji Dudley da sauri. "Al'adar gida ce."

"Wannan kam na yafe," in ji muryar Marlene daga saman matakala. "A buɗe. Mai ita zai fara."